Gurbin Afiniki

Litinin, 13 ga Satumba, 1976

Mako ɗaya ke nan a Ungwan Kumai, muryata har ta dushe. Gwamnati ta ce ilimi kyauta, kowa ya kawo ɗansa, aka kuwa kawo. 'Yan aji ɗaya da aka ɗora mini sun fi saba'in, har da waɗanda zan rantse ba su daɗe da sakin nono ba. Hedimasta Gregory da hannu yake gwada su: wanda ya zagaya hannu ta bisa kai ya taɓo kunne, ya isa makaranta. Wasu iyayen har jan hannun suke yi don ya kai. Ba benci. Allon ma bango ne aka shafa wa gawayi. Alli kuwa yana aljihun Hedimasta, sai ka roƙa kamar kana roƙon nama.

Yaran ba sa jin Turanci, Hausarsu ta kasuwa ce, mace ma "shi" suke ce mata, ni kuma ba na jin yarensu. Daga Manchok zuwa nan ba wata tafiya ba ce, amma da sun buɗe baki sai in zama baƙuwa.

Laraba, 15 ga Satumba

Na gaji da ihu. Na tuna malamarmu a kwas ɗin gaggawa na Kafanchan, da take cewa ƙaramin yaro da ƙafa yake fara koyo kafin kansa ya sani. A lokacin dariya muka yi mata a bayan ido. Yau na kwashe su duka zuwa gindin mangwaro, na sa suka yi da'ira suka riƙe hannu, na ce in na tafa su taka. Sai ga surutu ya mutu, ba ka jin komai sai ƙafa. Na zuba tsakuwa a gwangwanayen madara na raba wa masu ƙiriniya, tunda dama hannunsu ba ya zama wuri ɗaya.

Hedimasta ya leƙo ta taga, wai makaranta ce ko gidan biki. Na ce ya ba ni benci in mayar da su ciki. Ya ja kansa ya koma.

Juma'a, 17 ga Satumba

A, B, C da tsalle, sun kama. Ƙidaya ce ta ƙi. Waƙar Turancin da aka koya mana ba ta shiga bakinsu, taunarta suke kamar ɗanyen gwaza.

Talata, 21 ga Satumba

Akwai wata yarinya, Selina. 'Yar Baba Meshak ce, dattijon coci, wanda yake karanta nassi ranar Lahadi da murya kamar saukar aradu. Ita kuwa ko tari ban taɓa ji ta yi ba. Ba ta shiga da'ira. Tana zama a kan saiwar mangwaro ta haɗa gwiwa, ta zuba mana ido. Na tambayi Hedimasta ko kurma ce, ya ce a'a, tana ji, tun bara ne dai ta daina magana, in bar ta kawai.

In bar ta. Wato ta yi shekara a kan saiwa, a ƙarshe in rubuta ta faɗi. Ba da ni ba. Sai yarinyar nan ta yi magana kafin Kirsimeti.

Alhamis, 23 ga Satumba

Na samu ƙofa.

Lokacin tara kowa ya watse wajen mai ƙosai, ina gyara gwangwanaye, sai na ji wani amo a bayana. Selina ce, baki a rufe, a hanci take rerawa, tana karkata hagu da dama. Ban taɓa jin karin ba. Yana tafiya a hankali, yana hawa mataki-mataki, in ya kai can sama sai ya tsaya, ta sake farowa. Daɗinsa har ya sa tsigar jikina ta tashi. Ban juya sosai ba, na bi ta a hankali da tawa muryar. Ta yi shiru, ta dube ni, sannan ta ci gaba.

Malamarmu ta ce a fara daga abin da yaro ya zo da shi daga gida. To ga abin da ta zo da shi. Da yamma na zauna na ɗora masa lambobi, ya ɗauke su daidai kamar don su aka yi shi. Ɗaya, taka. Biyu, tafa. Uku, karkata. Haka har goma, a ɗaga hannu sama.

Litinin, 27 ga Satumba

Sun kama shi kafin in gama koyarwa. Muna cikin zagaye na biyu Selina ta sauko daga saiwa ta shiga da'ira da ƙafarta. Da muka zo biyar na ji wata 'yar murya kamar ta ɗan tsako. Ta ce biyar! Na juya baya na share ido da bakin zane, kar yara su gani su raina ni.

Na gode wa Ubangiji. Na kuma ɗan yaba wa kaina, tunda ba mai yi mini.

Alhamis, 30 ga Satumba

Ɗaya zuwa goma, duk ajin, har masu majina. Na aro tulun zumuntar matan coci ina buga musu. Abu ɗaya ke damuna da waƙar: ba ta da wurin sauka. In an kai goma sai ta rataye a sama kamar mutum ya yi tambaya ba a amsa ba, dole a koma ɗaya. Haka muke ta zagayawa har ƙararrawa ta yanke mu.

Wasu tsofaffin mata sun biyo ta bayan makaranta da itace a ka. Suka tsaya. Na ɗauka sha'awa ce, har na ƙara wa tulu ƙarfi. Ɗayarsu ta sauke kayanta, ta rufe baki da hannu, ta daɗe a haka. Da na gaishe su ba wadda ta amsa.

Talata, 5 ga Oktoba

Selina ba ta riƙe hannun wadda ke damanta. Tana miƙa hannun ne gefe, yatsu a lanƙwashe, ta bar fili kamar na mutum ɗaya. Regina, wata 'yar gajeriya mai bakin tsiya, ita ce a wancan gefen, ita ma haka take miƙa nata. Na ce su matso su haɗa. Regina ta dube ni kamar na ce ta taka wuta.

"Malama, wurin Afiniki ne."

Na ce ba ni da Afiniki a aji. Ta ce e, ba shi a aji, a waƙa ne kawai yana zuwa.

Laraba, 6 ga Oktoba

Na tsare Hedimasta. Ya yi ta gyara takardun da ba su buƙatar gyara, sannan ya faɗa. Tagwaye ne, Selina da Afiniki. Ƙyanda ta kama su tare bara da rani, ɗaya ta tashi, ɗaya ba ta tashi ba. An binne ta a ƙetaren rafi. Tun ranar Selina ta rufe baki.

To shi ke nan. Yarinya tana kewar 'yar uwarta, sauran kuma wasa suka mayar da abin. Ba wani abu ba ne. Ni 'yar mai bishara ce, a gidanmu ko maganar dodo aka yi sai Baba ya sa a wanke baki. Zan bar musu filin, tunda yana sa ta magana.

Ya tambaye ni inda na samo waƙar. Na ce wurin Selina. Na lura ya daina leƙowa ta taga, har rufe ta yake yi in mun fara.

Litinin, 11 ga Oktoba

Yau ta ce "Malama, ruwa." Kalma biyu. Amma a cikin da'ira kawai. Da an saki hannu sai bakin ya koma ya kulle.

Alhamis, 14 ga Oktoba

Ta rame. Jiya na lura, yau na tabbatar. Uwarta tana ƙulla mata dafaffen gwaza a ganye. Na bi ta da ido lokacin tara: ta je gindin mangwaro, ta raba shi biyu, ta ajiye rabi a wurin nan da ba kowa, ta zauna tana kallo. Nata rabin ma ba ta ci ba, a ƙarshe ta ƙara a kan wancan. Kaji suka cinye, na gani da idona, kaji ne.

Asabar, 16 ga Oktoba

Na manta tulu a makaranta, zumunta kuma suna so gobe. Na je ɗauka da rana tsaka. Ba kowa, sai awakin wani.

Ban taɓa duban wurin ba yara ba. Ƙafafunsu sun cinye ciyawa, da'ira ta fito sarai a ƙasa, jar hanya a cikin kore. Na bi ta ina jin daɗi, har ina cewa ga rajistar da ba ta ƙarya. Da na zo gurbin sai na tsaya. Kullum a wuri ɗaya muke tsayawa, Selina kusa da saiwa, ba ma zagayawa da ƙafa, a tsaye muke takawa. Ya kamata a ce akwai ɗan tsibirin ciyawa a nan. Babu. Ya cinye kamar ko'ina, har ya fi zurfi.

Wataƙila suna wasa a wurin bayan na tashi. Yara ne.

Na ɗauki tulu na tafi, ban yi gudu ba. Na dai yi sauri.

Litinin, 18 ga Oktoba

Na ce bari in kashe maganar. Da aka yi da'ira na ajiye tulu na shiga gurbin da kaina, na kama hannun Regina, na kai hannu zan kama na Selina. Yarinyar da ba ta da murya ta ƙwalla ƙara har 'yan aji uku suka fito. Ta dinga dukan cinyata da hannu biyu tana cewa na taka Afiniki, na taka ta.

Na ja da baya. Abin da ya ba ni haushi shi ne har na duba ƙasa.

Daga baya na ja Regina gefe na ce ta faɗa mini gaskiya, ba zan doke ta ba, me take riƙewa. Ta ce hannu. Na ce yaya yake. Ta ce ƙarami, da sanyi, kamar an wanke shi a rafi, kuma in an kai goma yana matse ta.

Laraba, 20 ga Oktoba

An samu Selina a bakin rafi da la'asar, ruwa har ƙirjinta, tana neman ƙetarawa. Wata mai wanki ce ta ciro ta. Ruwan bai janye ba tukuna, ko babba sai ya kula.

Alhamis, 21 ga Oktoba

Hedimasta ya kira ni ofis ya rufe ƙofa. Mutumin da kullum yake yi mini Turanci yau Hausa ya yi, a hankali, yana kallon tebur.

Waƙar rakiya ce. Ta mutanen da, in ƙaramin yaro ya mutu. Mata ne suke yi a da'ira, suna barin wuri ɗaya. Kashi biyu ce: na farko a kira yaron ya zo ya tsaya cikin 'yan uwansa, na biyu a sallame shi ya tafi. Ranar jana'izar Afiniki, bayan an gama addu'a, tsofaffin gidan suka tashi suka fara. Suna kaiwa tsakiya Baba Meshak ya daka musu tsawa, ya ce ba za a yi arnanci a kan 'yarsa ba. Suka watse. Selina tana tsaye a wurin, abin da ta ji ke nan, iyakar abin da ta sani ke nan.

Wato wata guda ina tara yara saba'in da tulu da gwangwani, muna kira kowace safiya, ba ma sallama.

Na ce don me bai faɗa mini tun farko ba. Ya ce in ya faɗa, ya nuna ya san ta ke nan, shi kuma katikis, malamin coci, shi ne ya rene shi. Kowa a garin ya gane ta, kowa yana jiran wani ya fara magana, kuma 'yar dattijon coci ce. Na ce to shi ya san sauran? Ya ce an kai shi mishan yana ƙarami, farkon kawai ya riƙe.

Na ji kunya, na ji haushi, na ji tsoro, ban san wanne ya fi ba. Ban yarda da komai a ciki ba. Na dai ce daga gobe an daina.

Litinin, 25 ga Oktoba

Mun koma waƙar Turanci. Suna taunawa. Selina ta koma kan saiwa, ba biyar, ba ruwa, ba Malama.

Laraba, 27 ga Oktoba

Na shiga aji ɗauko alli, kafin in fito sun yi da'ira sun fara da kansu, ba tulu, ba kowa a gaba. Na tsawata suka yi shiru. Amma takun ya ɗan ƙara bugawa bayan duk sun tsaya. Na duba ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya. Bangon aji yana mayar da sauti, na sani.

Juma'a, 29 ga Oktoba

Ba ta zo ba.

Lahadi, 31 ga Oktoba

Bayan sujada na je gidansu. Tana kwance a tabarma, fuska ga bango, hannun dama a miƙe a lanƙwashe. An kai ta asibiti a Kafanchan, an ce ba zazzaɓi, ba komai, a ba ta abinci. Ba ta ci. Ko kunun acca aka ɗura sai ya dawo ta gefen baki. Uwarta, Mama Lucia, ta ce in aka kau da ido sai ta rarrafa ta nufi ƙofa, har sun fara ɗaure ƙyauren da igiya.

Baba Meshak ya karɓe ni a tsakar gida. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce ya san ban yi da gangan ba, ni baƙuwa ce. Na yi ƙarfin hali na ce ko za a bar tsofaffin su ƙarasa abin da suka fara, ko don hankalin yarinyar ya kwanta. Ya dube ni ya ce, 'yar mai bishara ce take faɗin haka? Ya ce shi ne ya fara karɓar baftisma a gidansu, ubansa ya kore shi saboda haka, ya yi shekaru yana kwana a ɗakin coci. In ya bari aka yi waƙar nan, me ya sha wahalar a kai? Afiniki tana wurin Yesu, ba ta yawo a gindin mangwaro.

Abin da zan faɗa ke nan da ni ce shi. Amma idonsa ya yi ja, kuma duk maganar nan ɗakin da take kwance yake kallo.

Mama Lucia ta raka ni bakin hanya. Sai da zan juya ta ce, "Malama, kai ne ya buɗe bakin shi. Ni na ji shi ya ce Mama sau ɗaya, ranar da ya dawo daga sukul." Ta koma.

Talata, 2 ga Nuwamba

Na yi addu'a har gwiwata ta yi ciwo. In na ci gaba da waƙar, rafi. In na daina, tabarma. Ni na ja yarinyar mutane daga kan saiwa, don ina ji da kaina. A kan saiwar aƙalla tana cin gwazanta.

Uwar Regina ta aiko, wai kar a sake tsayar da 'yarta a wurin nan. Wasu sun daina turo nasu.

Alhamis, 4 ga Nuwamba

Zan rubuta yadda ya faru, ba ƙari.

Yau kasuwa, maza sun tafi da citta. Da hantsi muna gindin mangwaro sai ga Mama Lucia, da ɗankwalin zumunta a kanta, ta goyo Selina kamar jaririya, ƙafafun suna reto. Ta sauke ta kusa da saiwa ta riƙe ta ta tsaya. Ta ce ita ta san sauran, kakarta ce ke jan waƙar a ƙauyensu, shekara ashirin ba ta buɗe baki da ita ba. Ta ce tsofaffi ba za su zo ba, suna tsoron maigidan. Yaran nan ne suka kira, su za su sallama.

Na ce mijinta fa. Ta ce, "Na binne ɗaya da biyayya. Wannan ba zan binne shi ba."

Ta rera mini kashi na biyu a kunne. Karin nan ne dai, amma yana saukowa, mataki-mataki, ta hanyar da ya hau. Ta ce yara ba za su iya kalmomin ba, in sa musu lamba yadda na yi wa na farko. Ban taɓa koya musu ƙidaya da baya ba, sai zango na gaba take a tsari. Na koya musu a tsaye a wurin, goma, tara, takwas, suna tuntuɓe suna dariya, ba su san komai ba. Bayan ɗaya akwai saura bugu guda, mai tsawo. Na rasa abin da zan sa, sai na ce babu. Ta ce a nan kowa zai saki hannu, ya juya wa tsakiya baya, ya tafi, kar wanda ya waiwaya.

Aka yi da'ira. Mama Lucia ta kama hagun Selina. Gurbin ya buɗe da kansa. Regina ta noƙe, an hana ta. Yara suka zuba mini ido. Ba yadda zan yi, na ajiye tulu na tsaya a wurin Regina, na miƙa hannuna na hagu ga iska, na lanƙwashe yatsu don dai yara su ga na yi.

Hedimasta ya fito bakin ofis. Na ɗauka hanawa zai yi. Sai ya cire takalmi ya ajiye gefe, ya zo ya ɗauki tulun.

Muka hau. Selina ba ta yi ba sai a biyar, daga nan ta bi. Da muka kai goma... zan bar wannan.

Muka fara saukowa. Yara suna lamba, Mama Lucia tana yarensu a ƙarƙashi, ina jin sunan Afiniki yana fitowa a ciki. Selina ta daina rerawa a bakwai. Ta gane inda aka nufa. Ta fara girgiza kai, hannun nan ya dunƙule har jijiya ta fito. Huɗu, uku. Uwar ta durƙusa ba ta saki waƙar ba, ta sa goshinta a kafaɗar yarinyar. Biyu. Ɗaya. Yara suka ja babu, suka saki hannu suka juya, suka tafi suna ƙyalƙyala dariya, su wasa ne. Muka rage mu uku, tulu ya yi shiru.

Ba ta saki ba. Ni ma, Allah ya gafarta mini, nawa yatsun sun ƙi buɗewa.

Mun daɗe. Uwar ba ta lallashe ta ba, ta dai sake jan bugun ƙarshen nan ita kaɗai, a hankali, ta sake. Sai Selina ta dubi gurbin, daidai tsayin kanta, ta ce da muryarta sarai, "Babu." Ta buɗe hannu. Nawa ma ya buɗe.

Muka juya. Ban waiwaya ba. A bayanmu na ji ciyawa tana motsi ta wajen hanyar rafi, iska ce ko akuya. Selina ta fashe da kuka irin na yara, mai majina da shessheƙa, uwar ta ce tun ranar jana'iza ba ta yi ba. Da ta gaji ta ce yunwa take ji. Ƙosan Hedimasta ta cinye.

Lahadi, 7 ga Nuwamba

Baba Meshak ya karanta nassi, ya yi tuntuɓe sau da yawa, abin da ba ya yi. Na so in sulale bayan sujada, ya tare ni a bakin ƙofa. Na shirya shan faɗa. Ya tsaya yana juya hula a hannu, mutane suna wucewa. Da suka ragu ya ce, ƙasa-ƙasa, "Waƙar nan, ya kai ƙarshe?"

Na ce ya kai, Baba.

Ya gyaɗa kai, ya sa hularsa ya tafi.

Talata, 16 ga Nuwamba

Ta dawo. Ta riƙe hannun Regina. Kafin tara sun yi faɗa a kan gyaɗa, ta kira Regina mai kan tulu. Na hukunta ta, raina fari ƙal.

Laraba, 1 ga Disamba

Sufeto ya zo daga Kafanchan a kan babur. Ya ga yara suna ƙidaya gaba da baya, ya ce a wane littafi na samo dabarar. Na ce wata uwa ce ta koya mini. Na canza wa lambobin kari tuntuni, yanzu na wata waƙar daka ce ta garinmu, wadda na san farkonta da ƙarshenta da abin da take nufi. Selina ce ke ja, bakinta ba ya rufuwa, wani lokaci har in ce da ma.

Gurbin nan ciyawa ta fara tsirowa a cikinsa, ko da yake ruwa ya ɗauke. Ba wanda ya ce su tsallake wurin, da'irar ce ta ɗan matsa da kanta. Ni ma in ina shara ina kewaye shi, don kar in tayar da ƙura.

Ni dai ban yarda da komai ba. Yarinya ta ji rabin waƙa, ta ji sauran, hankalinta ya kwanta. Haka zan faɗa wa Babana in na je gida Kirsimeti, in ma na faɗa.

Muna kan goma aka kaɗa ƙararrawa, sufeto ya duba agogo, Hedimasta ya yi mini alama in tsaya. Na yi kamar ban gani ba. Sai da muka sauko har babu, kowa ya saki hannu, sannan na sallame su. Na ga leɓen Hedimasta yana bi. Ba don wani abu ba ne, ƙidaya ce kawai, ba kyau a bar yaro a sama.

Hannuna na hagu har yanzu yana ɗan yin sanyi da hantsi. Ina sa shi a hammata, ya wuce.